Satar mota ba tare da makulli ba: ina ɓarakar take, kuma wa zai toshe ta?

A watan Nuwamban 2017 'yan sandan yankin West Midlands na Ingila suka saki wani bidiyo da kyamarar tsaron wani gida a Solihull ta ɗauka. Mutum biyu ne suka iso da dare. Ɗaya ya tsaya jikin wata Mercedes da ke ajiye a ƙofar gida, ɗayan ya matsa jikin bango yana ɗaga wani ɗan akwati sama, yana karkata shi nan da can kamar mai neman sabis. Fitilun motar suka haska, ƙofa ta buɗe, inji ya tashi. Cikin kamar minti ɗaya sun yi gaba da ita. Ba a fasa gilashi ba, ƙararrawa ba ta yi kuka ba, makullin kuma yana cikin gida inda mai shi ya ajiye.

Tun daga lokacin maganar ta wuce hannun 'yan sanda ta shiga majalisu. A Fabrairun 2024 gwamnatin Kanada ta kira taron ƙasa kan satar motoci a Ottawa, inda ta ce tana shirin haramta wasu na'urori, har ta ambaci wata mai suna Flipper Zero. A Fabrairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta gabatar da ƙudirin doka da ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda aka kama yana riƙe da na'urar satar mota ko yana sayar da ita. Hujjar da ta kafa ita ce binciken laifuka na Ingila da Wales na 2022 zuwa 2023, wanda ya nuna cewa a kashi 40 cikin 100 na motocin da aka sace, ɓarawon da siginar makulli ya yi wasa.

Inda mai karatu ke rikicewa shi ne labarai kan haɗa komai a suna ɗaya, a ce "satar mota marar makulli". Alhali hanyoyin sun kai biyar ko shida, kowacce da ƙofar da take bi, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan komai.

Abu uku ne a cikin makulli ɗaya

Ɗan abin da ke aljihun direba a yau yana ɗauke da ayyuka uku da ba lokaci ɗaya aka ƙirƙiro su ba.

Na farko shi ne rimot, wanda sai an danna maɓalli yake aika saƙo ta rediyo ya buɗe ko ya kulle ƙofa. Renault Fuego ta 1982 ce ta fara fitowa da shi, ko da yake nata da hasken infrared yake aiki, ba da rediyo ba. Na zamanin yanzu suna aiki ne a zangon megahaz 315 a Amurka ta Arewa, da 433 a Turai da wasu wurare da yawa. Rimot na farko-farko saƙo ɗaya yake maimaitawa kullum, don haka wanda ya naɗi saƙon sau ɗaya ya mallaki makulli. Aka magance wannan da lambar sirri mai sauyawa: duk dannawa sabuwar lamba ce, wadda aka yi amfani da ita kuma ta mutu.

Na biyu shi ne imobilaiza, wani ɗan guntun lantarki a cikin makullin da ƙwaƙwalwar mota ke tambaya kafin ta bari inji ya tashi. Ba ruwansa da ƙofa. Tarayyar Turai ta wajabta shi a sababbin motoci daga 1998, Ostareliya daga 2001, Kanada daga 2007. Amurka ba ta wajabta ba, kuma za a ga abin da hakan ya haifar. Wani bincike da masana tattalin arziki Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa imobilaiza ya rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya kawo ƙarshen zamanin haɗa wayoyi a ƙarƙashin sitiyari.

Na uku shi ne wanda ake yawan nufi idan an ce mota marar makulli: makulli na aljihu ko jaka, ka taɓa hannun ƙofa ta buɗe, ka danna maɓalli inji ya tashi. Mercedes ta kawo shi a S-Class a ƙarshen shekarun 1990, daga nan ya gangaro har kan ƙananan motoci. A nan mota ce ke fara magana. Tana fitar da wata sigina mai rauni, a zangon kilohaz 125 ko kusa da haka, wadda ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu. Idan makullin ya ji kiran, sai ya amsa da tasa siginar mai dogon zango. Dukkan tsaron ya rataya ne a kan zato ɗaya, wai tunda makulli ya ji kiran, to yana kusa.

Gada tsakanin mota da makulli

Wannan zaton ne ɓarayin Solihull suka ci da shi. Akwatin da ke jikin mota yana ɗaukar kiran da take yi, ya tura wa akwatin da ke jikin bango, shi kuma ya sake kiran da ƙarfi zuwa cikin gida. Makullin da ke rataye bayan ƙofa ya ji muryar motarsa, ya amsa da gaskiyarsa. Motar ta ji amsa daidai, ta buɗe.

Abin lura, ba a karya lambar sirri ba. Ɓarawon bai san abin da makulli da mota suka faɗa wa juna ba, ba ya ma buƙatar sani. Dako kawai ya yi, ya ɗauki saƙo daga nan ya kai can, wato ya zama gada tsakaninsu. Shi ya sa ƙara wa lambar tsawo ko sarƙaƙiya ba ya hana wannan dabara ko kaɗan.

Kuma ba sabon abu ba ne. Tun a 2011 masu bincike uku na jami'ar ETH da ke Zurich, Aurélien Francillon da Boris Danev da Srdjan Capkun, suka gwada dabarar a kan mota 10 daga kamfanoni 8, dukkansu suka buɗe suka tashi. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada mota 24 ta samu sakamako iri ɗaya. Zuwa farkon 2019 motocin da ta gwada sun kai 237, a ciki 230 an buɗe su an kuma tayar da su, uku kacal suka tsira gaba ɗaya. Tsakanin gargaɗin farko da wannan adadi shekara takwas ke nan.

Mutane kan tambaya: to idan motar ta yi nisa da makullin, me ya hana ta mutu? Da gangan aka ƙera ta haka. Batirin makulli na iya ƙarewa ana cikin tafiya, ko wata sigina ta shiga tsakani, kuma inji ya mutu a tsakiyar babban titi ya fi sata hatsari. Iyakarta ta nuna gargaɗi a gaban direba. Ɓarawo zai tuƙa har inda ya ga dama muddin bai kashe ba, a can sai a yi mata sabon makulli, ko a sa ta a kwantena, ko a farfasa ta a sayar da kayan.

Sauran ƙofofin

Mafi sauƙi a cikinsu ita ce toshe sigina. Direba ya fito a wurin ajiye motoci, ya danna rimot yana tafiya bai waiwaya ba, wani a kusa yana riƙe da na'urar da ke cika zangon da hayaniya. Saƙon bai isa ba, mota ta zauna a buɗe. Galibi kayan ciki ake ɗauka da wannan, amma shiga cikin motar na buɗe hanyar abin da ya fi haka.

Lamba mai sauyawa ma an nuna tana da rauni. A 2015 wani mai binciken tsaron kwamfuta, Samy Kamkar, ya nuna wata na'ura da ya kira RollJam, wadda kayan haɗinta ba su wuce na dala 30 da 'yan kai ba. Tana toshe dannawar farko ta naɗe ta, mai mota ya sake dannawa, sai ta naɗe ta biyun ta saki ta farkon. Mota ta amsa, mai ita bai ga wani abu ba, amma akwai lamba ɗaya mai rai a hannun wani. A 2016 kuma masu bincike na jami'ar Birmingham da wani kamfanin tsaro na Jamus suka bayyana cewa motocin rukunin Volkswagen kusan miliyan 100 da aka sayar tun 1995 sun dogara ne da 'yan tsirarun mabuɗan sirri iri ɗaya. A 2018 masu bincike na jami'ar KU Leuven ta Beljiyam suka kwafi makullin Tesla Model S cikin 'yan daƙiƙoƙi. Irin waɗannan sun fi fitowa daga ɗakin bincike fiye da kan titi, domin suna buƙatar ƙwarewa, ɓarawo kuwa hanya mafi sauƙi yake bi.

Wadda ake yawan gani a kan titi ita ce ta soket ɗin OBD, inda makanike ke jona kwamfuta ya duba lafiyar mota. Doka ce ta sa shi a kowace mota, a Amurka tun 1996, a Turai daga 2001. Ta nan ne ake gabatar wa mota sabon makulli idan na asali ya ɓata, kuma na'urorin yin hakan halastattun kayan aiki ne a hannun makanikai da masu gyaran makulli. Wanda ya samu shiga motar, ko da ta fasa gilashi ne, zai iya koya mata makullin da ya zo da shi.

Sai wadda ta fi ba masana mamaki. A 2022 wani masanin tsaron kwamfutocin mota a Landan, Ian Tabor, ya tarar an ɓalle bambar motarsa Toyota RAV4 an zaro wayoyin fitilar gaba. Ya ɗauka aikin 'yan ɓarna ne. Aka sake yi, bayan 'yan kwanaki motar ta ɓace. Shi da wani masani mai suna Ken Tindell suka bi diddigi, a Afrilun 2023 suka bayyana abin da suka gano. Sassan mota na zamani suna magana da juna ta wata hanyar waya da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch ya fitar a 1986, lokacin da ba wanda ya yi tunanin baƙo zai shigo cikin zancen. Saƙo a kan wannan hanya ba ya ɗauke da shaidar wanda ya aiko shi. Fitilar gaba ta zamani tana kan hanyar, kuma tana wajen mota. Ɓarayin suka jona na'urarsu a nan, wadda aka ɓoye cikin kwanson wata 'yar sifikar JBL, ta riƙa aika saƙon ƙarya cewa an ga makulli kuma sahihi ne. A wannan dabara makullin gaske ko yana cikin akwatin ƙarfe bakwai ba abin da ya canza.

Akwai kuma labarin da ke hana a ɗora wa sabuwar fasaha duk laifin. Guguwar satar Hyundai da Kia da ta taso daga Milwaukee a 2021 ta bazu a Amurka ta hanyar TikTok, motoci masu makullin ƙarfe na murɗawa ta shafa. Ba su da imobilaiza. Cibiyar da ke tattara alƙaluman asarar inshora a Amurka ta nuna cewa a motocin 2015, kashi 96 cikin 100 na samfuran sauran kamfanoni suna da shi, na Hyundai da Kia kashi 26 kawai. Masu maɓallin tayarwa na kamfanonin biyu suna da imobilaiza, su ba su shiga wannan guguwar ba. A 2023 motocin da aka sace a Amurka sun haura miliyan ɗaya, kamfanonin biyu suka fitar da gyaran manhaja kyauta, suka kuma amince da sasanci na kusan dala miliyan 200. A 2024 adadin ya sauko zuwa wajen 850,000.

Laifin wa?

Kamfanonin ƙera motoci suna cewa motocinsu sun cika duk ƙa'idar da doka ta gindaya a ranar da aka sayar da su, kuma abokin faɗansu ba yaron unguwa ba ne, gungun miyagu ne masu jari da ke sayen na'urori masu tsada suna fitar da motoci ƙetare. Suna ƙara da cewa masu saye ne ke son sauƙin, kuma dokokin da suka tilasta musu buɗe bayanan gyara ga makanikai masu zaman kansu su ne suka sa na'urorin yin makulli suka yawaita. Akwai gaskiya a nan. A Kanada motocin da aka sace a Ontario da Quebec ta tashar jiragen ruwa ta Montreal ake fitar da su zuwa Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma ba makulli ne ke duba kwantena ba.

Masu bincike da ƙungiyoyin kare masu saye suna mayar da martani da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. An san matsalar gada tun 2011 aka ci gaba da sayar da tsarin shekaru ba gyara. Suna kuma tuna abin da ya faru a 2013, lokacin da Volkswagen ta samu umarnin babbar kotun Landan ta hana mai bincike Flavio Garcia da abokan aikinsa wallafa raunin da suka gano a imobilaizan Megamos da ke cikin motocinta. Sai a 2015 takardar ta fito. Kamfanin ya ce yana kare masu motoci ne daga ɓarayi, masu binciken suka ce sun sanar da mai ƙera guntun watanni kafin nan, kuma ɓoye rauni ba ya gyara shi.

Kan haramta na'urori ma ra'ayi ya rabu. 'Yan sanda na cewa a da sai sun tabbatar an yi sata da na'urar kafin su iya gurfanar da mai ita, dokar da Birtaniya ta gabatar a 2025 za ta ba su damar kama mutum tun kafin ya taɓa mota. Masu suka ba su musa wannan ba game da na'urorin da ba su da wani aiki sai sata. Damuwarsu ita ce kayan bincike na gama-gari. Masu ƙera Flipper Zero sun ce na'urarsu ba ta iya tayar da mota mai lamba mai sauyawa da imobilaiza, masana da yawa suka goyi bayansu, suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Daga baya gwamnatin Kanada ta sassauta lafazi, ta koma maganar hana miyagu amfani da irin waɗannan na'urori maimakon haramta su ga kowa.

Kamfanonin inshora su ne ke biya da farko, sannan su mayar wa jama'a. A Kanada kuɗin da suka biya kan satar motoci ya kai wajen dalar Kanada biliyan 1.5 a 2023. A Landan a shekarar, masu Range Rover da dama sun ga kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, wasu ma aka ƙi karɓarsu, har kamfanin Jaguar Land Rover ya ware fam miliyan 10 don sabunta tsaron tsofaffin motocinsa. Sai dai ba kowane kamfani ne ke ɗaukar nauyin gyara ba. A 2025 Hyundai ta nemi masu Ioniq 5 a Birtaniya su biya fam 49 don ƙarin tsaro daga wata na'ura mai kama da abin wasan Game Boy da ke kwaikwayon makulli. Muhawarar da ta biyo baya ita ce ko toshe ɓaraka ƙarin alheri ne da za a saya, ko gyaran aibi ne da ya hau kan mai ƙera.

Gyaran da ya riga ya shigo

Mafi arha shi ne makulli mai barci. An sa masa na'urar jin motsi, idan ya zauna wuri ɗaya na ɗan lokaci sai ya daina amsa kira. Ford ta kawo shi a Fiesta da Focus a 2019, nata yana barci bayan daƙiƙa 40. Yana hana satar dare daga ƙofar gida, amma makullin da ke aljihun mai tafiya a ƙafa a farke yake.

Gyaran da ya taɓa tushen matsalar shi ne fasahar UWB. Maimakon mota ta tambaya ko makulli ya ji, sai ta auna lokacin da saƙo ya ɗauka zuwa da dawowa. Siginar rediyo tana cin kusan santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Gada na iya ƙara wa sigina ƙarfi, amma ba ta iya sa ta ta fi haske gudu, don haka amsar da ta zo daga cikin gida za ta makara, mota ta ƙi ta. Motoci ukun nan da suka tsira a gwajin ADAC na 2019 duk na Jaguar Land Rover ne masu wannan fasaha. Ita ce kuma aka ɗora ƙa'idar 2021 ta amfani da wayar salula a matsayin makullin mota a kanta. Tesla ta bi wata hanya a 2018, ta ƙara lambar sirri da direba ke bugawa a allo kafin mota ta motsa.

Ta fuskar doka, ƙa'ida ta 155 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsaron kwamfutocin mota ta fara aiki a Tarayyar Turai ga sababbin samfura a Yulin 2022, ga duk sabuwar mota kuma a Yulin 2024. Ta wajabta wa kamfani ya nuna yana bibiyar barazana tsawon rayuwar motar. Amma ba ta koma baya ta gyara waɗanda ke kan titi ba.

Abin da ya rage a hannun mai mota

Jakar da ke toshe sigina, wadda ake kira da sunan Faraday, maganin gada ce kawai. Tana aiki idan mai kyau ce, gwajinta kuma mai sauƙi ne: a sa makulli ciki, a tsaya jikin mota a ja hannun ƙofa. Rufin cikinta na lalacewa da amfani, sai an riƙa maimaita gwajin. Makulli na biyu da aka jefa a durowa aka manta shi ma yana amsa kira. A motoci da yawa ana iya kashe buɗewar aljihu gaba ɗaya daga allon mota ko da maɓallin makullin, a koma danna rimot.

Toshe sigina maganinsa waiwaye ne, a ga fitila ta haska ko a ja ƙofa da hannu. Soket ɗin OBD ana sa masa murfi mai kulle. Dabarar fitilar gaba kuwa sai gyaran manhaja daga kamfani, ko ƙarin imobilaiza mai zaman kansa da ƙwararre zai haɗa. Sandar kulle sitiyari ta dawo kasuwa saboda ba ta jin yaren rediyo, kuma tana cinye wa ɓarawo lokaci da surutu. Na'urar bibiya ba ta hana sata, tana taimakawa ne bayan an yi, shi ma in ba a toshe siginarta ba.

Wurin neman diyya akwai wata wahala ta daban. Tunda babu fasasshen gilashi ko ɓallen ƙofa, kamfanin inshora na iya tambayar ko an kulle motar da gaske, kuma yakan nemi a kawo dukkan makullai. Wanda ya ɓatar da ɗaya bai sa an goge shi daga ƙwaƙwalwar motar ba zai sha tambayoyi.

Matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi a Amurka da Tarayyar Turai ya haura 12. Motocin da aka ƙera tsakanin 2011 da 2019 da tsohon tsarin za su daɗe suna canza hannu, suna gangarowa ga masu sayen ta hannu, waɗanda sanarwar gyaran manhaja ba ta cika isa gare su ba domin sunansu ba ya cikin rajistar dila. Mai sayen irin wannan mota yana iya sa a duba makulli nawa ƙwaƙwalwarta ta sani, a goge duk wanda ba ya hannunsa, sannan ya ba wakilin kamfanin lambar jikin motar a duba ko akwai gyaran tsaro da ba a yi mata ba.